Tambaya da Amsa: Hawa Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa a Garin Mutane

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan tafiya ne, na tsamo waɗanda suka shafi metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na haɗa su wuri ɗaya, don abu ne da yake ba mutanenmu tsoro ba gaira ba dalili. Kuma ba laifinmu ba ne, Kebbi gaba ɗayanta ko layin dogo babu, Zamfara kuma layin yana nan amma yaran yanzu da yawa ba su taɓa hawa ba. Masu tambaya a kan biza ku yi haƙuri, ba yau ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ce zan kai mahaifiyarmu asibiti Alƙahira ganin likitan ƙashi, ni da ƙanena za mu tahi, kuma an ce za mu yi kamar sati ukku. Kuɗin da munka tara na magani ne, an ce min tasi na cin kuɗi amma akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa mai arha, to ni wallahi ko na sama ban taɓa hawa ba. Mi za mu yi don kar mu ɓace? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Hajiya Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba: ranar da za ku je ganin likita da ita kanta Mama, kada ku sa ta a metro. Mai ciwon ƙashi da hawa matakala da turereniya a bakin ƙofa ba su jituwa, kuma layin farko tsoho ne, tun 1987 aka buɗe shi, shi ne ma na farko a Afirka kaf, ba kowace tasharsa za ki samu lif ba. Ku kira Uber ko ku yi ciniki da mai tasi kafin ku shiga. Amma sauran zirga-zirgar, karɓo sakamakon gwaji, sayen magani, cefane, zuwa masallaci, wannan kam ke da ƙanenki ku bi ta ƙasa, kuɗin tasi ɗaya zai yi muku hawa da yawa kuma ba ruwanku da gosulon Alƙahira, wanda duk wanda ya san garin zai gaya miki mutum kan zauna a mota har ya yi barci ya farka bai motsa ba.

Layuka uku ne ke aiki. Na 1 daga Helwan zuwa New El-Marg, na 2 daga Shubra El-Kheima zuwa El-Mounib, yana bi ta ƙarƙashin kogin Nilu ya tsallaka ɓangaren Giza, sai na 3 da yake tasowa daga Adly Mansour ta gabas ya ratsa Abbassia da Attaba. Ki haddace waɗannan sunayen na ƙarshe-ƙarshe, don sirrin duk yana nan. A tasha ba za ki ga an rubuta sunan unguwarku a allon sama ba, sunan tashar da jirgin zai ƙare ake rubutawa. Daidai da mutumin da ke tashar Jega zai je Tambuwal, ai motar Sakkwato zai nema, in kuma Koko ya nufa sai ya shiga ta Yawuri. To haka nan. Ki duba taswira, ki ga tasharku tana ɓangaren Helwan ne ko ɓangaren Marg daga inda kike tsaye, shi ke nan sai ki bi kibiyar wannan sunan.

In za ki canza layi, manyan wuraren su ne Sadat wadda take ƙarƙashin dandalin Tahrir, da Al-Shohadaa a Ramses kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, waɗannan biyun suna haɗa na 1 da na 2. Attaba tana haɗa na 2 da na 3, Nasser kuma na 1 da na 3. In kin sauka don canji kada ki fita ta get, ki bi alamar ɗaya layin ta ciki, tikitinki ɗaya ne zai kai ki. Tsofaffin direbobi da wasu dattawa har yanzu za ki ji suna ce wa Shohadaa Ramses kawai, kada ya ruɗa ki, da can ma sunan Mubarak take da shi kafin a canza a 2011.

Tikiti a taga ake saya, ki faɗi sunan tashar da za ki sauka kawai, don kuɗin ya danganta ne da yawan tashoshin da za ki wuce, kuma farashin yana canzawa shi ya sa ba zan sa miki lamba a nan ba ki je ki yi rigima da mai sayarwa ki ce Malam ya ce. Ɗan ƙaramin kati ne, ki zura shi a get ya fito ta gaba ki ɗauke abinki, ki riƙe shi da kyau, in ta kama ki ƙulle a bakin gyale, don da shi za ki fita, wanda ya yar da nasa tara zai biya. Allunan da Larabci da Turanci ne, kuma a nan karatun Islamiyya zai yi miki rana, musamman wajen lambobi da kuɗi, tun da biyar ɗinsu zagaye ce sifirinsu kuma ɗigo.

Akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin, da alama a inda ake jira da ke nuna daidai inda zai tsaya. Mace tana iya shiga kowane tarago, namiji ne ba ya shiga na mata, don haka ki ja wa ƙanenki kunne. Ni shawarata in lokacin cunkoso ne, da safe lokacin fita aiki da kuma bayan azahar zuwa magariba, ki shiga na mata, shi ya shiga na kusa, ku yi alkawarin tashar da za ku sauka da kuma cewa duk wanda ya riga sauka ya tsaya nan inda ya sauka kada ya hau sama. In ƙofa ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya jira, wanda aka bari ya hau na baya, mintoci kaɗan ne tsakaninsu. Wannan alkawarin ku yi shi tun a masauki, ba sai abin ya faru ana kuka ana kiran wayar da ba ta shiga ba.

In Mama ta samu sauƙi kuna son ziyara, masallacin Amr bin As ana sauka a Mar Girgis a layi na 1 a taka kaɗan, Azhar da kasuwar Khan El-Khalili kuma a sauka Bab El-Shaaria ko Attaba, amma da 'yar tafiya. In kuma masaukinku yana can Hayyul Ashir a Madinatu Nasr inda ɗalibanmu suka fi yawa, to metro bai shiga har ciki ba, sai kun haɗa da ƙaramar bas ko tasi. Ki tambayi wannan kafin ku biya kuɗin haya.

TAMBAYA: Salam Malam. Ɗan kasuwa ne ni a Jega, kayan waya da sola nike saidawa, da aike nike yi yanzu ina son in je Gwanzu ta ƙasar Caina da kaina. Wanda zai tarbe ni ya ce in same shi Xiaobei. Yaren mutanen nan ko ɗaya ban ji, Turancina ma na kasuwa ne. Zan iya daga filin jirgi ni kaɗai?

AMSA: Alhaji za ka iya, in dai kayanka jaka ɗaya ce kuma ba tsakar dare ka sauka ba, don wajen 11 zuwa 12 na dare jiragen suke tsayawa. Samu biro ka rubuta wannan a takarda, ba a waya kaɗai ba. A filin jirgin Baiyun tashar tana ƙasan ginin, layi na 3 ne mai ruwan lemo. Ka hau ka sauka a Jiahewanggang, ka koma layi na 2 mai shuɗi. Ka sauka a Guangzhou Railway Station, ka koma layi na 5 ja, ka hau wanda ya ba Jiaokou baya, tasha ɗaya tak ka iso Xiaobei.

Inda mutane ke shan wahala shi ne sunan nan na Railway Station. Akwai Guangzhou Railway Station, akwai Guangzhou East, akwai Guangzhou South, kuma tsakaninsu da nisa sosai. Allon layi na 2 zai nuna maka Guangzhou South Railway Station saboda can ne ƙarshensa, wannan ɓangaren za ka hau, amma ba can za ka sauka ba, taka ita ce wadda ba South ba East. Alamarka ita ce Sanyuanli, da ka wuce ta to ta gaba ka sauka, kuma Sanyuanli ɗin nan za ka dawo mata don kasuwannin sutura da takalma da jakunkuna da 'yan Najeriya ke shiga suna wajen.

Ba ka buƙatar yarensu. Sunan kowace tasha an rubuta shi da haruffan boko a ƙasan nasu, ana sanarwa da Turanci, kuma saman ƙofa akwai fitila mai nuna inda aka kai. Injin tikiti yana da maɓallin Turanci, ka taɓa layi, ka taɓa tasha, ya nuna maka kuɗi, daga yuwan 2 yake farawa yana hawa gwargwadon nisa. Abin da zai faɗo maka ba takarda ba ce, ɗan kwabon roba ne zagayayye, wajen shiga ka ɗora shi a get, wajen fita ka jefa shi a rami ya haɗiye. Ka tanadi ƙananan kuɗi, takardar 5 ko 10, don injin ba ya karɓar ɗari. Su mutanen garin kusan kowa da Alipay ko WeChat yake biya, in ka samu wanda zai saita maka tun kafin ka tashi ya fi, in ba haka ba ka sayi katinsu na Yang Cheng Tong ka zuba kuɗi ka huta da bin layi.

Kowace ƙofar shiga akwai injin duba kaya irin na filin jirgi, kada ka ɗauka don kai baƙo ne, kowa ake yi wa, wani lokacin har ruwan gorarka za su ce ka kurɓa su gani. Wuƙa ko 'yar ƙarama ce ka bar ta a masauki. Sannan Google Maps ba ya aiki yadda ka saba a Caina, WhatsApp ma haka, don haka ka ɗauki hoton taswirar metro ɗin ka ajiye a waya tun kana gida, kuma ka ce wa mai tarbarka ya faɗa maka harafin ƙofar da zai tsaya, A ne ko B ko D. Wannan harafin ya fi sunan tashar muhimmanci wani lokacin, don tasha ɗaya tana iya samun ƙofofi da yawa kowace ta fitar da kai wani titi daban, kai kana nan kana jira shi yana can tsallaken gada yana jira.

In lokacin baje kolin Canton Fair ka je, wanda ake yi sau biyu a shekara wajen Afrilu da Oktoba, to daga layi na 2 ka sauka Changgang ka koma na 8 ɓangaren Wanshengwei, ka sauka Xingangdong ko Pazhou. Juma'a kuma ka bi jama'a zuwa masallacin da ake danganta wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, kusa da tashar Yuexiu Park, za ka ga 'yan gida da yawa. Tiyu Xilu dai ka guje mata da safe da yamma in kana da hali, cunkoson wurin ba a magana. Kuma ranar da ka sayi kaya kwali-kwali kada ka ce za ka ja su cikin metro don tsimin yuwan 30, akwai iyakar girman kaya, za su mayar da kai a ƙofa, ka ba ɗan dako ya kai wa kago ɗinka kai tsaye.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne, tun ina yaro nike ganin jirgin ƙasa a garinmu. Amma wanga na cikin rami bai kwanta min ba. Iska fa? In wuta ta ɗauke ana ciki fa? Jikana na karatu waje shina ce min kullum shi yake hawa. Daga Ƙauran Namoda.

AMSA: Baba barka da war haka, ai ku ne kuka san jirgi, tun 1929 dogo ya iso Ƙaura. Ka kwantar da hankalinka a kan jikanka. Ramin ba rufaffe ba ne, akwai manyan fankoki da hanyoyin iska da aka gina tare da shi, sababbin jiragen kuma da na'urar sanyi, kuma tsakanin tasha da tasha minti biyu ne ko uku. Wutarsu ba irin tamu ba ce da ake ɗaukewa ba sallama, in ma matsala ta faru akwai fitilun ko-ta-kwana, direba zai yi magana a lasifika, abin da ake so kawai mutum ya zauna ciki kada ya ɓalle ƙofa ya sauka, don a garuruwa irin su Landan wutar a jikin ƙarfen ƙasa take bi. Kuma sunan ne kawai na ƙarƙashin ƙasa, na Landan da aka fara tun 1863 fiye da rabinsa a sarari yake tafiya, layin farko na Alƙahira ma tsakiyar gari kaɗai yake nutsewa. Ni da za a ce in zaɓa wa jikanka tsakanin wannan da hawa kabu-kabu ba hular kwano a titin Gusau, ba sai na yi dogon tunani ba.

TAMBAYA: Sir barka da aiki. Na samu gurbin digiri na biyu a Leeds, zan sauka Heathrow sannan in hau jirgin ƙasa a King's Cross. Akwatuna biyu gare ni manya. Wane kati zan saya? Ɗalibi daga Zuru.

AMSA: Ƙanena ina taya ka murna, Allah ya ba da sa'a. Taka mai sauƙi ce, layin Piccadilly na metron Landan, mai shuɗi mai duhu, yana ɗaukar mutum daga Heathrow har King's Cross St Pancras ba canji, kusan awa ɗaya, kuma tun da daga farkon layi za ka hau za ka samu wurin ajiye akwatunanka kusa da ƙofa. Akwai Elizabeth line da aka buɗe 2022, ya fi faɗi da sauri, amma ya fi tsada kuma sai ka canza, da akwati biyu ni ba zan ba ka shawararsa ba. A King's Cross ka nemi lif, akwai, kada ka ɗora akwati biyu a matakala mai tafiya, in kuma ka hau ta wata rana ka tsaya a hannun dama, hagu na masu sauri ne kuma Turawan nan ba za su zage ka ba amma kallon da za su yi maka ya isa.

Kati kuwa, in katin bankinka na taɓawa ne kuma yana aiki a waje, ka taɓa da shi kawai a get. In ba ka da tabbas da katin nairarka, kuma gara kada ka dogara da shi, ka sayi katinsu na Oyster a injin tashar ka zuba kuɗi. Dokar ɗaya ce, abin da ka taɓa da shi wajen shiga shi za ka taɓa wajen fita, ka shiga da kati ka fita da waya za su caje ka kuɗi mafi yawa har sau biyu. Mutum biyu ba sa wucewa da kati ɗaya, bas ɗinsu kuma ba ta karɓar tsabar kuɗi sam. Tikitin Leeds daban ne, Oyster ba ya kai ka can, ka saya a intanet da wuri ya fi arha, amma ka bar tazara mai kyau don layin imigireshan a Heathrow ba shi da tabbas.

Ranar da za ka dawo gida hutu ce za ka buɗe ido. Piccadilly yana rabuwa biyu bayan Acton Town, wani ya nufi Uxbridge wani Heathrow, na Heathrow ɗin ma wani Terminal 4 wani Terminal 5. Ka karanta goshin jirgin da allon sama, ka duba tikitinka ka ga wace tamina ce taka.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne a Dubai ana cin tarar mutum in ya ci goro cikin jirgi? Mijina ne zai raka ni sarin gwal da atamfa, kuma goro ba ya barin bakinsa. Daga Argungu.

AMSA: Hajiya da gaske ne. Ba goro suka ambata da suna ba, ci da sha ne aka hana cikin jirgin, har cingam, tarar dirhami 100 ce, to goro ai ci ne. Ki ce wa Alhaji ya daure, tafiyar ba ta da tsawo. Akwai wasu tarar guda biyu da baƙi ke faɗawa ciki, namiji ya tsaya a taragon mata da yara, akwai layi mai ruwan hoda a ƙasa da ke nuna iyakarsa, da kuma shiga taragon Gold, wato na alfarma mai tsada, da katin da ba na Gold ba, kowace dirhami 100. Jirgin tun 2009 yake aiki kuma ba direba, kada ku tsorata in kun leƙa gaba ba ku ga kowa ba. Layi biyu ne, ja da kore, katin Nol ake hawa da shi kowa da nasa. Daga filin jirgi ja za ku hau, ku canza zuwa kore a Union, Baniyas Square ce ta 'yan kasuwar Naif da Deira, kasuwar gwal kuma ku sauka Al Ras ko Gold Souq. Tashoshinsu akwai banɗaki mai tsafta in alwala ta kama, abin da ba ko'ina za ku samu a na Landan ko na Alƙahira ba, can gara mutum ya fito da alwalarsa daga masauki.